Daga tafkin Legas zuwa kogin Challawa: Abin da ɗaliban kimiyya ke koya a wata shida na binciken ruwa

Aikin ɗebo ruwan gwaji a tafkin Legas aikin sammako ne. Ana son kwalekwale ya bar gaɓa tun rana ba ta ɗaga ba, domin da zarar zafi ya taso ruwan ma sauya hali yake yi, abin da aka auna da hantsi ba zai zo ɗaya da na azahar ba.

A cikin jirgin za a ga kula cike da ƙanƙara, da kwalabe da aka manna wa lamba, da wani farin faifai mai igiya, da raga mai siffar mazurari wadda hudojinta ba su kai kaurin silin gashi ba. Wanda ke zaune a tsakiya riƙe da littafi yana rubuta alƙaluman da ake kira masa, galibi ba ma'aikaci ba ne. Ɗalibi ne da makarantarsa ta turo horon sanin makamar aiki.

Wani ya tashi a Badagiri ko Fatakwal, ruwa ba baƙonsa ba ne. Wani kuwa daga Kano ko Gusau ya fito, babban ruwan da ya sani shi ne dam ɗin Tiga ko na Bakolori, kuma a makon nan ne ya fara jin ɗanɗanon ruwan da gishirinsa ba zuba shi aka yi ba. Dukkansu wata shida aka ɗibar musu su koyi yadda ake duba lafiyar ruwa, sannan su koma makaranta da rahoton da za su kare a gaban malamai.

Shirin da ya kai su can

Shirin SIWES, wanda ɗalibai suka fi kira IT, ya haura shekara hamsin. Asusun Horas da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, mai hedikwata a Jos, wanda aka kafa a 1971, shi ya ɓullo da shi a 1973, bayan masu ɗaukar ma'aikata sun yi ta kukan cewa waɗanda ke fitowa daga manyan makarantu sun san karatu amma hannunsu bai san aiki ba. Ɗalibin jami'a kan yi wata shida, na kwalejin kimiyya da fasaha wata huɗu. Ana ba shi littafin da zai riƙa rubuta aikin kowace rana, wanda ke kula da shi a wurin aikin ya sa hannu, malami ya zo daga makaranta ya duba, a ƙarshe a ba shi maki kamar kowane darasi.

Mai karatun injiniya kamfani yake nufa. Masu karatun ilimin halittu da na ƙananan halittu kuwa, akasarinsu ɗakin gwaje-gwajen asibiti suke ƙarewa, suna gwajin jini da fitsari da zazzaɓin cizon sauro. Ba laifi ba ne, kuma shi ne mafi kusa da gida. 'Yan kaɗan ne ke neman wuraren da ake binciken ruwa da muhalli.

Babba daga cikin waɗannan wurare ita ce Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya, NIOMR, da aka kafa a 1975, mai hedikwata a Victoria Island da ke Legas, da rassa a wurare irin su Buguma a Jihar Ribas da Sapele a Jihar Delta. Tana da jirgin ruwan bincike mai suna RV Bayagbona. Akwai kuma sassan nazarin teku a Jami'ar Legas da Jami'ar Kalaba da Jami'ar Fasaha ta Akure, sai hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai, wadda aka kafa a 2006.

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma a 2023 gwamnati ta ware wa harkokin teku ma'aikata ta musamman. Mai zama a Katsina zai iya cewa ina ruwansa. Amma kifin ƙanƙarar da ake soyawa a bakin titi a Kano daga teku ya fito, yawancinsa ma shigo da shi aka yi daga ƙetare, domin alƙaluman da jami'an gwamnati suka saba ambatawa sun nuna ƙasar na buƙatar kusan tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sannan kogin Kaduna da na Rima da na Gongola duk a Neja da Binuwai suke juyewa, su kuma su juye a tekun Atlantika. Ledar da aka jefa daga gadar Kaduna, in ba ta maƙale a hanya ba, can za ta ƙare.

Abin da ake aunawa a kan ruwa

Farin faifan nan shi ne abu na farko da ake miƙa wa sabon ɗalibi, don ba ya lalacewa. Sunansa faifan Secchi, sunan wani masani ɗan Italiya da ya fara aiki da shi a 1865. Ana zura shi cikin ruwa a hankali har ido ya daina ganinsa, sai a auna tsawon igiyar da ta nutse. A ruwa mai garau zai yi nisa, a inda ake zubar da garin katako ko ƙazantar gidaje kuwa, tun bai kai kamu biyu ba ya ɓace. Iya inda haske ya kai, iya nan tsirran ruwa ke rayuwa.

Daga nan sai zafin ruwan, da tsaminsa, da gishirinsa, da yawan iskar oksijin da ta narke a ciki. Kifi da wannan iska yake numfashi. Idan ta kai wajen miligiram 5 a lita, yana cikin walwala. Idan ta faɗo ƙasa da 2, mai iya gudu ya gudu, wanda ba ya iyawa ya mutu. Inda babu na'urar aunawa, ko batirinta ya mutu, tsohuwar hanya ake komawa: a cika kwalba maƙil ba tare da kumfa ko ɗaya ba, a ɗiga mata sinadarai biyu nan take a cikin jirgin, ruwan ya yi gudaji ruwan ƙasa, a rufe sai an koma ɗakin gwaji a ƙarasa. Kumfa ɗaya tak da ta maƙale a wuyan kwalbar ta isa ta ɓata sakamakon, kuma kusan kowane ɗalibi sai ya yi wannan kuskuren kafin hannunsa ya faɗa.

Ragar nan mai siffar mazurari ana jan ta ne a bayan jirgi na 'yan mintoci, ta tace ƙananan tsirrai da dabbobin da ke yawo a ruwa, waɗanda ake kira fulankton. Abin da ya taru a gindinta bai fi cikin ƙaramin kofi ba, kamar ruwan wanke shinkafa. Sai an sa ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake ganin cewa gari guda ne: masu kama da kwale-kwale, masu kama da sarƙa, masu ƙafafu suna ninƙaya. Su ne abincin 'ya'yan kifi. Ƙirga su da gane sunan kowanne shi ne aikin da ya fi cin lokaci da ido, ɗalibi kan yi makonni yana kwatanta abin da yake gani da zanen da ke cikin tsofaffin littattafai.

Sai laka. Ana jefa wani ƙarfe mai baki biyu ya cafko taɓon ƙasan ruwa, a wanke shi a rariya, a tsince tsutsotsi da dodon koɗi da ƙananan ƙaguwa. Masana na ba wannan muhimmanci fiye da yadda baƙo zai zata. Ruwan sama-sama wucewa yake yi, gubar da aka zubar jiya da dare wataƙila yau ta yi gaba. Amma halittun cikin laka ba su da inda za su. Idan aka tarar da wuri babu komai sai nau'in tsutsa ɗaya ko biyu masu jure ƙazanta, sun cika ko'ina, to wurin ya daɗe yana shan wahala ko da ruwan ya yi kyau a ido.

A nan ne matsalar wata shida ke fitowa. Tafkin Legas ba ruwa ɗaya ba ne duk shekara. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Da rani wannan ruwa kan kutsa cikin tafkin, da damina kuwa kogin Ogun da sauran rafuka su turo ruwan daɗi su kore shi. Halittun ciki ma canzawa suke yi. Wata irin kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo ruwayen Legas ta ɓangaren Badagiri a 1984, takan toshe hanyar jirage idan ruwan daɗi ya yi yawa, gishiri na dawowa ta ruɓe. Ɗalibin da horonsa ya faɗo daga Afrilu zuwa Satumba rabin labarin ya gani. Idan ya rubuta a rahotonsa cewa haka tafkin yake, ya yi kuskure ko da duk alƙalumansa daidai ne. Mai kula da shi na ƙwarai zai sa ya rubuta watannin da ya yi aikin a kan kowane jadawali.

Ƙwayoyin da ke cin ɗanyen mai

Ɓangare na biyu na wannan fanni ba a kan ruwa ake yin sa ba, a ɗakin gwaji ne, kuma shi ya fi jan hankalin ɗalibai. Manufarsa ita ce amfani da halittu masu rai, bakteriya da naman gwari da tsirrai, wajen tsabtace abin da ɗan Adam ya gurɓata.

Tushen abin mai sauƙi ne. Ɗanyen mai ya daɗe yana tsattsafowa daga ƙarƙashin teku tun kafin a san haƙarsa, don haka akwai bakteriyar da suka mayar da shi abinci. Wata mai suna Alcanivorax tana nan a tekunan duniya jefi-jefi, amma da mai ya malala sai ta hayayyafa ta rinjayi sauran. A ƙasa kuma akwai dangin Pseudomonas da Bacillus da wasu. Da yawansu na fitar da wani abu mai kama da sabulu da ke tsinka man ya zama ƙananan ɗigo, sannan su cinye shi, abin da zai rage shi ne ruwa da iskar kabon da kuma jikinsu da ya ƙaru.

Gwajin da ɗalibai suka fi yi shi ne farautar irin waɗannan ƙwayoyi. Ana ɗebo ƙasa ko ruwa daga inda mai ya daɗe yana zuba. A haɗa ruwan gishirin ma'adinai wanda babu wani abinci a cikinsa, a turara shi a tukunyar matsi a zafin digiri 121 na minti 15 don kashe duk wani mai rai, a zuba ɗanyen mai kaɗan, sannan a saka ƙasar. Duk ƙwayar da ba ta iya cin mai yunwa za ta kashe ta. Bayan mako guda ana jijjigawa, sai a ɗebi kaɗan a zuba a sabuwar kwalba, a maimaita sau biyu ko uku. Waɗanda suka rage ana shafa su a faranti mai ɗauke da wani daskararren abinci da ake kira aga, wanda shi kansa daga ciyawar teku ake samun sa. Kwana ɗaya ko biyu sai ɗige-ɗige su fito, fari da rawaya da ruwan madara, kowane ɗigo zuriyar ƙwaya guda.

Ranar da ɗalibi ya ga baƙin man da ke yawo a saman kwalbarsa ya tsinke, ruwan ya yi gurɓi-gurɓi, ranar murna ce. Sai dai a nan ake gane wanda aka koya wa aiki. Dole a ajiye wata kwalba a gefe mai ɗauke da komai ban da bakteriya. Dalili kuwa, wani kaso na ɗanyen mai tashi yake yi a iska da kansa, musamman a zafin ƙasar nan. Wanda bai ajiye wannan kwalba ba zai ba ƙwayoyinsa ladan aikin da iska ta yi. Haka kuma kowane gwaji sau uku ake son a yi shi, don sau ɗaya na iya zama dace. Rahotannin ɗalibai da ke cewa ƙwayarsu ta cinye kusan dukan man cikin mako biyu, da yawansu a ɗayan waɗannan matakai biyu suka yi tuntuɓe.

Abin da ke hana bakteriya sauri a fili abu biyu ne. Na farko, mai abinci ne marar miya: yana da kabon da yawa amma ba shi da naitirojin da fosfaros. Shi ya sa bayan hatsarin jirgin dakon mai na Exxon Valdez a gaɓar Alaska ta Amurka a 1989, aka yi ta watsa taki a kan duwatsun bakin teku, kuma an ga ya taimaka. A Najeriya ɗalibai kan gwada takin zamani da kashin kaji da na shanu su ga wanne ya fi. Na biyu shi ne iska. Waɗannan ƙwayoyi da oksijin suke aiki, laka kuwa da an nutsa ɗan yatsa babu iska a cikinta. Man da ya shige taɓo zai iya shekaru da dama yana nan. Ɓangarensa mai nauyi, mai kama da kwalta, shi kam ko a ɗakin gwaji da ƙyar ake taɓa shi.

Akwai wani tarihi da malaman fannin ke son bayarwa. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa masanin nan ɗan asalin Indiya, Ananda Chakrabarty, na da ikon mallakar wata bakteriya da ya sarrafa don cin mai. Shari'ar ta buɗe ƙofar kasuwancin halittun da aka sauya wa gado, amma ita ƙwayar ba a kai ta teku ta share malala ba. Har yau abin da aka fi dogara da shi shi ne ƙwayoyin da ke wurin tun asali, a ba su taki da iska.

Darasin Ogoni

Duk ɗalibin da ya shiga wannan fanni a Najeriya sai ya ci karo da rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar kan ƙasar Ogoni a watan Agustan 2011. An shafe wata 14 ana aikin, an gwada samfuri sama da 4,000 na ƙasa da ruwa. A garin Nisisioken Ogale an tarar mutane na shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin, mai haddasa sankara, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. A kusa da nan an samu tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rahoton ya ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a fara da dala biliyan ɗaya. Wannan kuwa a yankin da aka daina haƙo mai tun 1993.

Abin da ya fi shafar ɗalibin wannan fanni shi ne hukuncin rahoton kan hanyar tsabtacewar da kamfanin Shell ke bi a lokacin, wato a kaftu ƙasar sama, a zuba taki, a bar wa bakteriya sauran aikin. An gina hanyar ne a kan zaton cewa man ba ya nutsawa can ƙasa. Masu binciken sun tarar a wurare 49 man ya kai zurfin aƙalla mita biyar. Ana gyara sama, ƙasa na nan yadda take. Ba a ce bakteriya ba sa aiki ba. An ce an sa su aiki a inda ba su isa ba, kuma ba a tona an duba ba.

A watan Yunin 2016 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da aikin tsabtacewar a garin Bodo, kuma hukumar HYPREP ce ke gudanar da shi. Wani ɓangare na aikin shi ne sake dasa itatuwan mangurof, masu tsayawa a kan saiwoyinsu cikin ruwan gishiri. Dajinsu na Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka, kuma a tsakanin saiwoyin nan kifi da jatan lande ke renon 'ya'yansu kafin su fita teku. Inda mai ya kashe su, sau da yawa wani kwakwan ruwa da aka kawo Kalaba daga Asiya a 1906 ne ke mamaye wurin, shi kuwa ba ya yi wa kifi wannan amfani.

Naira 2,500 a wata

Duk wannan ilimi sai wanda ya isa wurin zai same shi, isa wurin kuwa kuɗi ne. Alawus ɗin da aka daɗe ana biyan ɗalibin SIWES shi ne naira 2,500 a wata, wato 15,000 a wata shida, kuma sau da yawa sai an gama horon da daɗewa yake fitowa. Kuɗin bai kai na motar zuwa Legas daga Kano ba, tafiyar da ta kai kilomita dubu, balle haya a birnin da ɗaki ke tsada kamar zinare. Ɗalibin Arewa da ya samu gurbi a can, in ba shi da ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende da zai raɓa, galibi haƙura yake yi. Ga ɗaliba mace abin ya fi wuya, don ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta yi wata shida a garin da ba ta da kowa ba.

Neman gurbin ma aiki ne. Ɗalibi kan yi ta yawo da takarda daga wannan ofis zuwa wancan, wurare kaɗan, masu nema da yawa. Wasu kan ƙare a inda babu aikin yi sai zaman benci da aike, wasu kuma su samu wanda zai sa musu hannu a littafi su koma gida su kwanta. Ba ɓoyayyen abu ba ne a manyan makarantu.

Wanda ya samu wurin kirki ma bai tsira ba. Gwajin da ake yi don gane yawan ƙazantar da ke ruɓewa a ruwa na buƙatar a ajiye kwalba cikin duhu kwana biyar a sanyin digiri 20 daidai. Idan aka ɗauke wuta a dare na uku kuma babu man janareta, aikin ya tashi, sai a sake fita a ɗebo sabon ruwa. Auna ƙarafa masu guba irin su dalma na buƙatar na'ura mai tsada da ake biya kan kowane samfuri. Tabbatar da ainihin sunan bakteriya kuwa sai an karanta ƙwayoyin gadonta, wanda ya fi ƙarfin aljihun yawancin ɗalibai, don haka sukan tsaya a kan launi da siffa da 'yan gwaje-gwaje, su yi hasashen danginta.

Haɗarin da ke cikin wannan ƙunci shi ne cike gurbi da ƙarya. Ɗalibin da ya auna wata uku kuɗi suka ƙare, ga jadawali na jiran wata shida, ga rahoton wani na bara a hannu, jarabawar da ke gabansa ta fi ta aji. Rahoto mai gibi da aka bayyana dalilinsa ya fi cikakke na ƙirƙira amfani nesa ba kusa ba, amma ba kowane mai ba da maki ne ke kallon abin haka ba, kuma ɗalibai sun sani.

Ruwan gida

Wanda bai samu zuwa teku ba, rabin ilimin na nan a ƙofar gidansa. A New Bussa ta Jihar Neja akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi, NIFFR, wadda ta samo asali daga binciken tafkin Kainji bayan gina dam ɗin a 1968. A Kaduna akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa, a Zariya akwai cibiyar nazarin fata da ta binciken sinadarai. Faifan Secchi da ragar fulankton aiki ɗaya suke yi a Kainji da Tiga kamar yadda suke yi a Legas. Ƙasar garejin makanikai da baƙin mai ya jiƙa shekara da shekaru, a Kano take ko a Sakkwato, cike take da bakteriya masu cin mai.

Matsalar Kano ma tata ce daban. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai kuwa da gishirin kuromiyam. Ruwan da ke fita daga Bompai na bin rafin Getsi ya shiga Jakara, inda manoman rani ke ban-ruwan latas da alayyafo da kabeji. Na Challawa da Sharaɗa na shiga kogin Challawa, wanda ke haɗewa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Nguru ya nufi tafkin Chadi. Wannan ruwa ba ya zuwa Atlantika. Abin da aka zuba masa a cikin ƙasa yake zama.

Ƙarfe kuma ba mai ba ne, babu ƙwayar da za ta cinye shi ya ɓace. Abin da wasu bakteriya ke iyawa shi ne su juya kuromiyam daga nau'insa mai tsananin guba, wanda ke jawo sankara, zuwa nau'in da ya fi sauƙi kuma yake kwantawa a ƙasa a kwashe. Tsirrai irin su kainuwa da kachala na zuƙar ƙarafa ta saiwa, amma bayan sun zuƙa dole a cire su a san inda za a kai su, don idan akuya ta ci, gubar ta koma cikin nama. A Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a 2010, hanyar da aka bi a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega ita ce kankare ƙasar gidaje a kwashe a binne, a zubo sabuwa. Ɗalibin da ya fahimci wannan bambanci ya riga ya wuce masu tallar maganin kowace cuta.

Inda rahotannin ke ƙarewa

Bayan wata shida ɗalibi ya buga rahotonsa, a yi masa bango, ya tsaya minti goma a gaban malamai, a ba shi maki. Daga nan rahoton ya hau kanta a ofishin sashe, ƙura ta rufe shi. Na baɗi zai zo ya zaɓi wasu wurare daban a rafin nan ɗaya, ya auna da wata hanya daban, ba tare da ya ga abin da na bana ya samu ba. Da a ce sashe guda zai tsayar da wurare biyar a Jakara, duk wanda ya zo ya auna su da hanya ɗaya a ajiye alƙaluman wuri ɗaya, cikin shekara goma za a samu tarihin rafin da babu wanda zai iya musa shi, da kuɗin da ake kashewa yanzu.

Rashin irin wannan tarihi ne ke sa shari'ar gurɓata muhalli ta yi wuya: kamfani ya ce haka ya tarar da ruwan, jama'a su ce ba haka yake ba, kuma babu takardar da za a buɗe. A watan Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Rijiyoyi da rafukan ƙauyukan da ke kewaye, lokacin auna su shi ne kafin mai ya fara gudana a bututu, rani da damina, a rubuta kwanan wata da wurin da aka ɗebi kowace kwalba. Jami'o'in Bauchi da Gombe da Kashere duk suna yankin, kuma kowace shekara suna sallamar ɗaliban aji uku da takardar neman gurbin horo a hannu.